Saƙo daga Malam Maharazu

Duk mazaunin unguwar Dutse Alhaji ya san Malam Maharazu, ma'aikacin gwamnatin tarayya, mutumin da ko dariya sai ya auna ta. In ya ce wata ya tsaya, ba mai ɗaga kai ya duba. Wannan yardar ita ce duk abin da ya tara a Abuja, don gidan ma na haya ne.

Sai dai Malam na mutuwar son finafinan Indiya tun yana saurayi a Funtuwa, da aka fara fassara su da Hausa kuwa abin ya ci tura. A bakin kasuwa akwai masu tura fim a waya, amma ina Malam ina bin layi da 'yan acaɓa? Girma ya hana. Sai ya shiga intanet da kansa, a ofis, bayan azahar.

Wani shafi ya ce danna nan, ya danna. Ya nemi lambar waya, ya bayar. Aka turo wasu lambobi aka ce ya kwafa, ya kwafa da ladabi irin na ma'aikaci. Fim bai zo ba, WhatsApp ɗinsa kuma ya koma hannun wasu.

Kafin la'asar saƙo ya zaga unguwa da sunansa. Da wani ne ya turo, da an yi hattara, amma Malam ne, kowa ya ɗauka wa'azi ne. Har liman ya danna. Wayoyi suka cika da hotunan da baki ba ya iya faɗa. Malam ya bi gida-gida yana cewa 'yan damfara ne, kuma gaskiya ya faɗa, wanda ya buɗe musu ƙofa ne kawai bai ambata ba. Mutane suka ce ba komai, ƙaddara ce. Ya yarda har zuciyarsa.

Bayan Sallah aka sa auren 'yarsa Nazeefa. Ya tura katin gayyata ta waya, ya sa aka kafa rumfuna, aka ɗora manyan tukwane. Ranar ɗaurin aure dangi ne kawai suka zo, kujeru suna ta shan rana. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Da yamma ya tare maƙwabcinsa Enoch a bakin get.

"Maƙwabci, ko ban kyauta maka ba ne?"

"Haba oga Malam," in ji Enoch. "Na ga message ɗinka. Mun yi magana da mutane, kowa ya ce kar a buɗe."