Wayar da Malam Yahya Ya Bar wa Kande

Idan ka shiga kasuwar Mile 3 ta ɓangaren masu albasa, ka ce Kande mai wake kake nema, ko Inyamurin da ke maƙwabtaka da ita zai nuna maka da baki. Daga Kano aka kawo ta Fatakwal tana amarya, ɗaki ɗaya a unguwar Borokiri, inda idan ruwa ya sauko sai an ɗaga tabarmi an ɗora kan gado. A nan ta haihu, a nan ta koyi Burokin, Turancin ciniki, a nan kuma mijinta Malam Yahya Indabawa ya rasu bara, ya bar mata rumfa da wayarsa.

To, wayar nan ce labarinmu.

Ƙungiyar 'yan kasuwarsu ta sake tsarin rumfuna, aka ce kowa ya tabbatar da tasa da sunansa ta intanet kafin Juma'a, wanda bai yi ba a bai wa wani. Sa'adiyya, 'yar Kande ta biyu da ke aikin jinya a Rumuokoro, ta riga ta buɗe mata imel, ta sa mata sabuwar burauza, wato manhajar shiga intanet, mai ɗauke da sunanta. Saƙo ya zo, da linki a ciki. Sai dai duk lokacin da Kande ta taɓa shi, tsohuwar burauzar Malam ce ke buɗewa, hotonsa da hular zanna a can kusurwa, shafin kuma ya ce wannan gayyata ba ta mai wannan suna ba ce.

Ta kai wa Gimba mai gyaran waya da ke bakin tasha.

"Hajiya, sunan wa ke fitowa nan?"

"Na mai wayar ne."

"Wane ne mai wayar?"

Ta gyara mayafi. Tunda aka ɗaura musu aure bakinta bai taɓa kama sunan nan ba, ba kuma a bakin tasha za ta fara ba. Gimba ya gane, ya ce Allah ya jiƙansa. Sannan ya ce abu mai sauƙi ne, a goge tsohuwar manhajar, ko a wanke wayar gaba ɗaya ta dawo sabuwa.

"Ka wanke taka," in ji Kande, ta karɓe abarta.

Ni maƙwabciyarta ce, na san dalili. A cikin burauzar nan akwai shafukan da Malam ya bari a buɗe: farashin wake a Dawanau, karatun wani alaramma, da wani bayani kan ciwon gwiwa, nata ciwon ba nasa ba. Ba ta karanta boko sosai, amma ta san su da kamanninsu. Kuma ta taɓa gaya min, tana tsince wake, cewa idan ta taɓa saƙo hotonsa ya faɗo, ji take kamar ya leƙo rumfa ne ya ga ko ta ci abinci.

Ranar Alhamis da la'asar Sa'adiyya ta zo kasuwa da kayan aikinta a jiki.

"Umma, abeg, gobe ne fa. Hoto za ki zauna da shi ko rumfa?"

"Ji min 'ya. Duka biyun nawa ne."

"To ba ni in gani, ba zan goge komai ba."

"Rantse."

"Wallahi."

Ta zauna kan buhu. Da farko ta kwafi linkin ta liƙa a sabuwar burauzar, shafi ya buɗe, har Kande ta fara hamdala. Sai aka sake turo wani saƙon na tabbatarwa mai gajeren wa'adi, Kande ta yi saurin dannawa, ga Malam ya sake fitowa da hularsa. Mai albasar kusa da su ya ce, "Oga bai yarda ba kenan." Aka yi dariya, har da ita.

Sa'adiyya ta shiga saitin waya, wurin da ake zaɓa wa kowane aiki manhajar da za ta riƙa ɗaukarsa. Nan ta ga zancen. Wata rana wayar ta tambayi babanta da wacce zai buɗe linki, sau ɗaya ko kullum, ya danna kullum. Shi kenan, ita waya umarnin da aka ba ta take bi.

Ta ce wa uwar, "Idan na canja nan, tasa tana nan, shafukansa suna nan. Abu ɗaya ne, ba zai ƙara fitowa da kansa ba. Sai in ke kika je."

Wata mata ta zo tayin wake, Kande ta ce mata ta dawo anjima.

"Nuna min wurin," ta ce. "Ni zan danna."

Ta goge yatsa a zani, ta yi bisimilla, ta danna. Aka nemi sabon saƙo, ta taɓa linki, shafi ya buɗe da sunanta. Sa'adiyya ta karanta mata shi da ƙarfi, da lambar rumfar.

Kande tana nan a rumfar har yanzu. Wani lokaci idan ciniki ya lafa bayan azahar, nakan ga ta miƙe ƙafa a kan buhu, ta lalubo tsohuwar burauzar da kanta, ta ɗan duba, sannan ta mayar da wayar cikin lalita ta ci gaba da awo.