Sitt Fawkiyya da Kwalbar da Aka Binne

Ƙarfe bakwai na safe Sitt Fawkiyya take buɗe tagarta a ɗakin gwajin nama na wani asibitin gwamnati a nan yankinmu na Sohag a Masar. Ta ajiye kofin shayinta, ta goge tabarau, ta shiga karɓar kwalabe daga hannun mutanen ƙauye. Kowace kwalba da ɗan yankin jikin wani a ciki, yana iyo a ruwan magani mai yaji a ido. Shekara talatin da ɗaya tana wannan aiki, ran Alhamis za ta yi ritaya. Na tambayi manyan asibitin ko za a shirya mata ɗan biki, suka ce in rubuto takarda. To, ga ta na rubuta, amma ba su na rubuta wa ba.

Bara yayata Nagiyya ta ji ƙullutu a wuyanta. Likitan farko ya ce haƙori ne. Na biyu ya ce ta rage tunani. Na uku ya rubuta a yi hoto, sai ga na'urar ta lalace, mai gyara zai zo daga Alƙahira gobe, goben da ta ɗauki sati shida. Da aka yi hoton, takardar ba hatimi, mai hatimin ya tafi Umara da makullin durowa a aljihu. Sashen ciwon daji kuwa ba sa buɗe wa mutum fayil sai da sakamakon gwajin nama. Wata biyar ba wanda ya ce mana mugun ciwon nan ne, ba wanda ya ce ba shi ba ne, yayata tana ta ramewa, ful, dafaffen waken nan mai laushi, ma da ƙyar take haɗiye shi. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Daga ƙarshe aka yi aiki aka cire ƙullutun. Wata nas ta miƙa wa mijinta, Hajji Abdur-Radi, kwalba ta ce ga shi nan, ta wuce. Surukina manomin albasa ne mai tsoron Allah, ya san ba a wulaƙanta jikin ɗan Adam. Ya naɗe kwalbar a farin ƙyalle, ya kai maƙabartar danginsu, ya binne ta kusa da mahaifinsa. Bayan kwana goma muka zo tagar Sitt Fawkiyya karɓar sakamako.

Ta bincika littafinta sau biyu, ta tambayi ina kwalbar. Hajji ya gaya mata, har da ɗan alfahari. Na zaci za ta rufe taga ta ce mu koma wurin likita, kamar yadda kowa yake yi. Sai ta sauke tabarau ta dube shi.

"Hajji, Allah ya ba ka lada. Ka buɗe murfin kafin ka binne?"

"Ina fa, Sitt. Warin ma sai da ya sa ni hawaye."

"Madalla da warin nan, ruwan maganin ne, bai bar naman ya ruɓe ba. Tashi ka nemo mana fartanya."

Ya kafe, shi ba zai tone kabari ba ko za a yanka shi. Ta ce ai ba kabari ba ne, matarsa tana gida tana jiransa da shayi. Da ta tashi daga aiki, ta bi mu a motar haya har ƙauye, da ciwon gwiwarta. Mai gadin maƙabarta ya hana, ta sa aka kira limami, ta yi masa bayani tiryan-tiryan: in ba kwalbar nan, sai a sake yanka Nagiyya, ko a bar ta ta mutu ba a san abin da ya kashe ta ba. Ta yi alkawarin abin da ya rage bayan gwaji za a dawo da shi a binne. Liman da kansa ya karɓi fartanyar. Kuma ta cika alkawarin, ni na kawo ragowar.

A hanya ta ce mini surukina shi ne na tara da ya yi haka. Akwai wanda ya sa tasa a firiza, akwai wadda ta zubar da ruwan ta zuba turare. Sau uku tana rubuta wa manya cewa a umarci masu jinya su riƙa faɗin inda za a kai kwalba. Ba a amsa ba, sai ta koma bin ɗakunan tiyata da ƙafarta tana tare dangi a bakin ƙofa.

Sakamakon ya fito, ciwon daji ne. Nagiyya ba ta iya karatu ba, amma ta riƙe takardar da hannu biyu ta ce alhamdu lillahi, yanzu dai an san sunansa. A satin aka buɗe mata fayil.

Sitt Fawkiyya, uwar marasa gata, ke ce kika yi tambayar da likitoci ba su yi ba. Ke ce kika tsaya cikin rana a maƙabarta saboda matar da ba ki taɓa gani ba. Nagiyya tana kan magani, gashinta ya zube, amma ta sami ƙarfin yi wa Hajji tsiya kullum cewa ya binne ta tun tana numfashi. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya hutar da ke.

Ku kuma da za ku rage a asibitin, ba mu ce ku bi kowa maƙabarta ba. Ran Lahadi za ku miƙa wa wani bawan Allah kwalba, Sitt Fawkiyya kuwa ba ta nan. Don girman Allah ku gaya masa inda zai kai ta.