Safar Hannun Dakta da Sabuwar Mota

Ranar da Dakta Bashir ya tashi sauya mota, aikina ya kusa tafiya. Har yau ba ta fita raina ba.

Ni direban gida ne a unguwar Suwaidi ta birnin Riyad, haka aka rubuta a igamata, wato takardar zama. Dakta likitan ƙashi ne, mutumin Gusau. Motocinsa biyu. Akwai babba, da ita nake kai yara makaranta, in kai Hajiya kasuwar Aziziya. Akwai kuma wata ƙarama ja mai yankakken baya, mai gudun tsiya, wadda ba na taɓawa sai ranar wanki.

Sai kamfanin ya fito da sabuwarta. An sake mata fitilu, an faɗaɗa baki, an liƙa ƙaton allo a ciki. Dakta ya kamu. Shirinsa ya ba da motocin biyu ya karɓi wannan ɗaya, yara su koma bas ɗin makaranta. Direban da ba mota kuwa, gida zai nufa.

Ya kira ni ya ce, “Malam Sale, kai ka san mota. Tsakaninka da Allah, ta isa a sauya?”

Na ce, “Dakta, in ka saya, ni zan tafi. Don haka kada ka ji tawa. Mu je ka ji tata.”

“To, bayan magariba, in gari ya huce.”

“A'a. Sha biyun rana.”

Ga wanda bai sani ba, mutanen Riyad da yamma suke zuwa kallon mota. Da yamma kuwa kowace mota ta kirki ce. Mu direbobi da tsakar rana muke sanin halinta.

Wata Asabar cikin watan Yuli muka je. Motar gwaji tana waje tun safe, rana na dukanta. Mai tallar ya tarbe mu yana “jadid, jadid,” wai komai sabo ne. Na buɗe murfin gaba. Injin nan dai ne, har inda ake zuba mai bai matsa ba. Na nuna wa Dakta. Ya ce, “Kai dai ba ka son ci gaba.”

A irin wannan zafi ba a kama sitiyari da hannu tsirara. Ni safar auduga nake sawa. Dakta tasa ta fata ce, irin ta ’yan tsere, daga waje ya yi odarta. Ya zura ta a hankali kamar zai shiga tiyata, ya zauna, na zauna gefensa.

Ya kai hannu zai murɗa na'urar sanyi. Babu abin murɗawa, duk an mayar cikin allo. Ya danna, allo bai san da shi ba, wai ba ya jin safa. Ya cire, ya taɓa, ya janye yatsa da sauri yana salati. Ga hasken rana ya hana ganin rubutun. Ya daure ya danna wani wuri. Can na ga yana mutsu-mutsu.

“Malam Sale, kujerar nan ƙara zafi take yi ko ni ne?”

Mai tallar ya leƙo ya duba. Ashe abin ɗumama kujera ya kunna.

Na ce, “Ranka ya daɗe, wannan ci gaban a tsohuwar babu shi.”

Duk da haka ya zaga da ita. Gudu ɗaya ne da tasa. Kujerar dai ta fi taushi, wannan na faɗa masa, don ba na ƙarya a kan mota. Ya fito kaftani ya manne masa a baya, ya ce wa mai tallar, “Inshallah.” A nan garin kowa ya san abin da wannan ke nufi: ba ciniki.

A hanyar gida, da muka kai unguwar Ulaisha, ya ce, “Da gangan ka zaɓi sha biyu.”

Na ce, “Da gangan. Sha biyu kake tashi daga asibiti ranar Alhamis.”

Abin da na koya: mai gida ba ya jin direba, amma yana jin jikinsa. Kada ka yi musu da shi, kai shi cikin rana kawai.

Ina nan Suwaidi, an sabunta igamata, ina jan babbar. Jar kuma na goge mata fitilu, Dakta ya ce ta yi kamar sabuwa.