Izinin Tafiya Gida

Ranar da ƙanwata ta kira daga Kano ta ce Inna ta daina cin abinci, ina tsaye a saidaliyyar da nake aiki, wato kantin magani, a unguwar Aziziyya a ƙasa mai tsarki, ina miƙa wa wani tsoho maganin tari. Iƙamata, takardar izinin zama, saura mako uku ta ƙare, kuma mudir, manajanmu, ya riga ya ce wanda ya nemi hutu a wannan wata na Sha'aban ya nemi wani kafili, wato wani ubangidan da zai tsaya masa. Kwana huɗu ban faɗa wa kowa ba.

Matata ce ta gano ni.

"Malam, kai da bakinka ba ya hutawa? Me kake ɓoyewa?"

Na faɗa mata. Ta ajiye ludayi.

"Kai ne fa kake ba baƙi labarin mutanen Biyetnam kana dariya."

Gaskiyarta. Na taɓa zuwa taro a Hanoi, wani ɗan rakiya ya ba mu labarin sarakunansu na da, masu bin koyarwar Konfushiyas. Sai ka ci jarrabawa kafin a ba ka muƙami. Amma in uwarka ko ubanka ya rasu, ko kai waziri ne, dole ka ajiye hatimi ka koma ƙauye makoki, kusan shekara uku. Wanda ya ɓoye rasuwar don kujera, hukunci ne. Na ce masa mu kwana uku ne, mun fi su sauri. Shi bai yi dariya ba.

Da safe na shiga ofishin mudir. Na ce, "Ummi ta'abana, ina son huruj wa auda," wato mahaifiyata ba ta da lafiya, ina son izinin fita da dawowa. Ya daɗe yana juya biro. Ya ce kwana goma, kuma zancen sabunta iƙama sai na dawo, in an ga dama. Na ce na gode.

Motar da na hau zuwa filin jirgin Jidda ta wuce miƙatin Bi'ir Ali, masu harami suna ta hawa bas-bas, sai wayar ta motsa. Na bar ta ta yi ƙara uku kafin na iya ɗauka.

"Yaya, ta buɗe ido. Tana tambaya ko ka taso."

"Tana magana?"

"Kaɗan-kaɗan. Ka yi sauri dai."

Na ce ta kara mata wayar a kunne. Numfashi kawai nake ji, mai nauyi. Na ce, "Inna, ga ni nan a hanya."