Takardar da na liƙa a kan buhu

Shekaruna da yawa ina sayar da shinkafa a kasuwar Haɗeja, kuma tun da wuri na gane halin mai saye. Ka ce masa shinkafar nan a fadamarmu aka noma ta, sai ya tsoma hannu yana laluben tsakuwa. Ka yi shiru ya ga buhu mai sheƙi, sai ya ce a ɗaura masa biyu.

Akwai wani injin casa a nan jiharmu da ke sayen shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, daga manoman bakin kogi. Yana turara ta, ya cashe, ya tsince tsakuwa, ya zuba a farin buhu mai sunan Turanci da hoton jirgin ruwa. Duk wanda ya gani sai ya ce 'yar waje ce. Adireshin injin kuwa yana can ƙasan buhu da ƙananan haruffa. Ni ban taɓa buɗe baki na ce daga waje take ba. Abin da na yi, na sa aka buga mini takarda mai gam da sunan shagona, na riƙa liƙa ta daidai kan adireshin. In an tambaye ni daga ina take, sai in ce, “Kai dai dafa ka gani.”

Wata Juma'a da hantsi na cika mota zan kai wa wani dillali a Birniwa. Duk jarina na cikin motar nan. Mun yi nisa sai muka tarar da shingen jami'an da ke tare kayan fasa-ƙwauri. Babbansu ya ɗaga tamfol, ya dubi jirgin ruwan, ya dube ni.

“Alhaji, sauko. Ta wane daji aka shigo da ita?”

“Yallaɓai, ta gida ce. Daga fadamar Haɗeja.”

Ya soka ƙarfe a buhu, ya baza ƙwayar a tafinsa. “Ta gida babu tsakuwa ko ɗaya? Ni ma a ƙauye na tashi.”

Na miƙa masa rasit na injin. Ya ce rasit kowa na iya rubutawa, shi abin da ke jikin buhu yake son gani. In ba a gani ba, da la'asar za a raka motar ofishinsu, kaya su zauna a sito har a gama bincike. Na san abin da zaman sito ke yi wa shinkafa, ga damina ta kawo kai.

Na ce adireshin na nan, ƙarƙashin takardata. Ya ce me ya sa na rufe. Na durƙusa na sa farce. Takardar ta taso, amma ta taso da fatar buhun da rubutun gaba ɗaya, sai farin tabo. Na gwada na biyu a hankali, haka. Na uku, haka. Ni ne na ce wa mai bugawa ya sa gam mai ƙarfi don kada masu saye su ɓare.

Na kira manajan injin sau ba adadi, waya na ta ringi. Juma'a ce, ya tafi masallaci tun da wuri. Direbana ya koma inuwar mota ya zauna, ya ƙi haɗa ido da ni. Ni kuwa ina ta duban inuwar kukar da ke gefen titi tana juyawa gabas. Rigata ta manne da bayana.

A gindin kukar akwai wata dattijuwa mai sayar da shinkafa da wake. Ta taso ta ɗebi wadda ta zube daga hujin ƙarfen, ta shaƙa, ta tauna ƙwaya biyu.

“Ɗan nan,” ta ce wa jami'in, “wannan ta rani ce, ta bana. Ta waje warin sito take yi. Shekara nawa ina turara shanshera a Kirikasamma kafin ƙafa ta hana ni.”

Ya yi dariya. “Inna, na yarda da hancinki, amma ba zan iya rubuta shi a rahoto ba.”

Ta juyo kaina. “Kai kuma Alhajin birni, ka sayar da shinkafa har gemunka ya yi fari, ba ka san tururi na sakin abu ba? Ku kawo wani buhun nan.”

Ni da direba muka kinkimi buhu, muka riƙe gindinsa a saman tukunyarta. Tururin na ƙona mini yatsu, nauyin na neman karya mini baya, ban yarda na motsa ba. Ta sa bakin ludayi ta ɗaga gefen takardar. Ta ce a ƙara. Muka ƙara. Sai takardar ta zame kamar ɓawon dafaffen dankali, ga adireshin nan, ga sunan jiharmu, baƙi ƙirin.

Jami'in ya sunkuya ya karanta, ya gwada da rasit. Ya zaɓi wasu buhuna huɗu da kansa daga tsakiyar mota, su ma muka turara su. Sannan ya ce, “Tafi. Amma in na sake ganin takardar nan a kan rubutu, ba tukunyar da za ta cece ka.”

Na ajiye wa dattijuwar ɗaya daga cikin buhunan da na ɓata. Ta ce dama hujajje ne, kada in yi mata gori.

Hankalina bai kwanta a mota ba, don direbobin da suka tsaya kallo duk sun riga mu wucewa da labarin. Muna isa Birniwa na tarar da dillalin zaune a kan benci, bai tashi ba.

“Alhaji, ashe ta fadama nake ba mutane duk shekarun nan?”

Na ce ita ce.

Ya dubi motar. “A sauke rabi,” in ji shi. “Sauran sai na ji abin da matan gari za su ce.”

Da rabin na dawo Haɗeja. Washegari na aro tukunya, na hura wuta a bayan shago, na fara ɓare takardun daga buhun da ke bakin ƙofa.