Muryar da Suka Sa a Ɗakin Mayya

A shekarun dubu biyu da goma sha wani abu, aikina jinyar wata tsohuwa Baturiya ne a Manhattan. Kullum sai in shiga bas daga unguwarmu Park Hill zuwa tashar St. George, in hau jirgin ruwa in tsallaka wurinta. Da ƙuruciyarta kayan 'yan wasan kwaikwayo take ɗinkawa, kuma ko da ƙafafunta suka daina ɗaukarta, son wasan bai sake ta ba. Mama nake ce mata.

Wata Asabar da rana ta ce in tura ta a kekenta zuwa wani wasa da ƙawayenta suke ta zuzutawa. A wani tsohon sito ake yin sa. Babu kujeru, babu dandamali. Kai ne za ka riƙa bi ɗaki ɗaki, 'yan wasan suna yin abinsu a gabanka, wani har ya gogi kafaɗarka. Doka ɗaya ce: ba a magana. Labarin wani ƙauye ne da mayya ta addaba.

Muka zo ɗakin mayyar. Duhu, hayaƙi, ƙasusuwa a rataye. Wata murya tana fitowa daga bango ƙasa-ƙasa, an sa mata amsa-kuwwa don ta ba da tsoro. 'Yan kallo suna ta ƙanƙame juna. Ni kuwa sai na ji an ce, “Ɗiyata, ki yi haƙuri.”

Na tsaya cak. Hausa ce, irin ta mutanen Maraɗi. Kafin in ƙara jin wani abu, jama'a suka turo mu waje.

Asabar ta gaba ni na ce wa Mama mu koma. Ta yi murna, ta ɗauka wasan ne ya kama ni. Na tura ta kai tsaye ɗakin, na manna kunnena a bango. Wata dattijuwa ce ta ɗauki saƙo a kaset, irin wanda iyayenmu suke aika wa 'ya'yansu kafin waya ta zama ruwan dare. Tana gaya wa 'yarta cewa mahaifinta ya rasu ranar Laraba, an binne shi bayan azahar. Ta ce kada ta taso, ta riƙe aikinta, addu'a kawai yake bukata. Daga nan muryar ta karye da kuka. Daidai wannan kukan ne 'yar wasan da ke fitowa a mayya take zabura daga bayan labule, 'yan kallo su yi ihu, su fashe da dariya.

A zuwa na uku da na huɗu na haddace saƙon kaf. Har akwai inda zakara ya yi cara a bayanta, da inda ta ce wa wani ya rufe ƙofa. A na huɗun, da aka yi dariyar nan, ban iya riƙe bakina ba. Na ce da ƙarfi cikin Turanci, “Rasuwa take faɗa! Me kuke yi wa dariya?” Wasu suka tafa mini, sun zaci ina cikin wasan. Wani ma'aikaci ya raka mu waje saboda na karya doka.

A ƙofar sito na ba Mama labari. Ta buga hannun kekenta ta ce a kira mata mai haɗa sautin.

Ya fito da kofin shayi a hannu, wani mai furfura a gemu, yana ta murmushi. Ya ce a kasuwar gwanjo ya sayi kwalin kasa-kasai, ya ji wannan muryar ta taɓa shi.

Na ce, “Ka san abin da take faɗa?”

Ya ce a'a, ai ba ma'anar yake nema ba, amon yake so.

Na ce, “A garin nan ka fita titi ka tare tasi, za ka iya samun mai jin wannan yaren. Ka tambayi ko mutum ɗaya?”

Bai tambaya ba. Na fassara masa saƙon tun daga sallama har kukan. Fuskarsa ta yi ja, ya yi ta ba da haƙuri. Sai kuma ya ce tunda yarena yana da daɗi haka, ko zan yarda in ɗaukar musu wani abu da muryata? Mama ce ta ba shi amsa, da wata kalma da ban taɓa jin ta a bakinta ba. Ni dai na miƙa hannu na ce kaset ɗin nake so. Bayan kwana uku ya aiko da shi.

Na yi yawo da shi shagunan 'yan Nijar, na sa wa matan da muke haɗuwa a suna da walima. Kowa ya ji sai ya yi salati, amma babu wanda ya gane muryar. Babu suna a jikinsa, sai “Inna” da aka rubuta da biro. Yana nan a akwatina.

Bayan wata biyu Mama ta ce mu je mu ga ko sun gyara. Muka shiga ɗakin mayya. Ƙasusuwan suna nan, hayaƙin yana nan. Daga bango kuma wata mace ce daban take magana a hankali, cikin wani yare da ban sani ba. Na duba fuskokin 'yan kallo ko akwai wanda zai tsaya kamar yadda na tsaya. Babu. Mayya ta zabura, aka yi dariya. Na juya keken Mama muka fita, ba mu sake taka wurin ba.