Gandun Magaji a Hayyin Ashir

Shekara tara ina riƙe da ƙarshen tsani ɗaya, Ɗantsoho yana riƙe da ɗayan, a shagon maigidanmu Usta Hatim da ke unguwar Hayyin Ashir a Alƙahira. Gyaran firji muke yi da takyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Ban iya yabon mutum ba. Abin da zan ce kawai, in Ɗantsoho ya ɗaure bututu, ba a sake kiranmu gidan.

Sunansa na yanka Harun. Karatu ya kawo shi Masar, karatun ya ƙi, sana'a ta karɓe shi. Ya auri Indo, suna da 'ya ɗaya. A ƙauyensu, Rafin Dinya, gidansu barorin gidan Magaji ne tun kaka da kakanni. Ya taɓa gaya mini yadda ake yi: in ruwan shuka ya sauka, sai an gama shuke gandun Magaji kafin kowa ya taɓa tasa gonar. Haka noman farko, haka girbi. Mahaifinsa ya rasu bai taɓa yin shuka da ruwan farko ba. Ba da fushi ya faɗa mini ba. Kamar dai yana gaya mini launin ƙasar garinsu.

Bara gwiwoyin Usta Hatim suka gaza. Ya ce ƙarshen zafi zai koma garinsu, kuma Ɗantsoho zai bar wa makullin shago. A daidai lokacin ne Sagiru, jikan Magaji, ya sauka Alƙahira yin digiri na uku a tarihi.

Daga ranar safiyar Ɗantsoho ta daina zama tasa. Yau rakiya wurin neman iƙama, wato takardar izinin zama, gobe kai wasiƙa unguwar Zamalek, jibi famfo ya tsiyaya. Sai goma ko sha ɗaya yake isowa shago. Usta ya yi haƙuri wata biyu, sannan ya faɗa masa a gabana cewa shi ba ya ba da makulli ga wanda ba ya buɗe ƙofa. Akwai takyif shida da za mu kafa a wani ofis a Dokki ranar Asabar, ƙarfe takwas. In ya makara, makullin na ɗan ƙanwar Usta ne, khalas, magana ta ƙare.

Na taɓa bin sa gidan Sagiru duba firji. Hawa na shida, babu lif. Tun kafin ƙofa Ɗantsoho ya tuɓe takalmi, ya shiga ya durƙusa, alhali ya girmi Sagiru da shekara goma sha biyar. Sagiru ba mugu ba ne, kada in yi masa ƙarya. Ya ba mu shayi, ya yi mana bayanin karatunsa: wai a zamanin Mamalik sarki kan yanka wa babban soja ƙauyuka, ana ce wa abin iƙɗa'i, manoman ciki su yi ta noma masa, ba su da ikon tashi. Ya ce sarki a sama, sojoji, malamai, 'yan kasuwa, can ƙasa manomi. Har muryarsa tana rawa don tausayinsu. Da ya gama sai ya ce Ɗantsoho ya sauka ya hawo masa da tukunyar gas.

Mai sayar da gas ya ɗaga murya daga ƙasa yana kiran Ɗantsoho da "ya basha". Sagiru ya leƙa taga yana dariya.

"Ashe kai ma ka samu sarauta a Masar?"

A nan kowa basha ne, da direba da mai gyaran takalmi, tun da aka soke sarautar. Ɗantsoho ya yi murmushi, ya ɗora tukunyar a kafaɗa.

A hanya na ce masa gandu ya biyo shi har hawa na shida. Ya ce ba zan gane ba, tsohuwarsa tana can a ɗakin da gidan Magaji suka ba ta, in ya ƙi aike me za a ce mata? Na ce ni dai na san makulli ɗaya ne.

Asabar, bakwai da kwata, muna loda mota, wayarsa ta yi ƙara. Sagiru ne. Ya samu gida kusa da jami'a, mota tana ƙasa, littattafai kwali ashirin. Ina kallo, gwiwoyin Ɗantsoho suka fara lanƙwashewa zai durƙusa, a kan waya fa. Sai ya kama ƙofar motar da hannu ɗaya ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, yau tawa gonar zan fara. In na tashi da la'asar, zan zo."

Ta wayar na jiyo muryar Sagiru.

"Ɗantsoho, ni ne fa."

"Na gane muryar, ranka ya daɗe."

Ya kashe, ya sa wayar a akwatin kayan aiki, ya ce mini yalla, mu tafi.

Takwas saura biyar muna Dokki. Ƙarfe biyu takyif shida suna hura sanyi. Usta ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sa tafin hannu, sannan ya ciro makulli daga aljihun jallabiya ya miƙa wa Ɗantsoho, ya ce kwaɗon ƙasa yana cijewa, a riƙa sa masa mai. Iyakar bikin ke nan.

Da la'asar Ɗantsoho ya tafi wurin Sagiru, tun da ya ce zai je. Na bi shi, don kwali ashirin ba aikin mutum ɗaya ba ne. Mun tarar Sagiru ya sauko da goma sha ɗaya da kansa, yana zaune a kan matakala da singileti, yana haki. Ɗantsoho ya gaishe shi a tsaye. Kwalin ƙarshe ya yi nauyi, suka kama shi tare, kowa da ƙarshensa.

Labari bai kwana ba ya kai Rafin Dinya. Washegari tsohuwar ta kira, ta yi masa faɗa sosai, ta ce ubansa bai taɓa yin haka ba. Da ta gama sai ta rage murya ta tambaye shi ko shagon yana da girma.

Yanzu bakwai da rabi yake buɗewa. Ni ne nake shan wahalar, don dole in riga shi zuwa ko in sha kallo.